Yadda Za Ka Zaɓi Akori-Kura Mai Kai Ka Ofis Ran Litinin, Ta Kai Ka Fadama Ran Asabar

Tun ranar da aka ga akori-kurata ta fito daga fadamar bayan Kware, nan jihar Sakkwato, da laka har gilashi, washegarin Litinin kuma ga ta fes a bakin ofis, ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a wurin ɗaurin aure, a waya cikin dare: "Malam, irin taka nake so, wacce zan saya?" Kowa amsar kalma ɗaya yake nema. Ni kuwa na taɓa karɓar amsar kalma ɗaya daga bakin dillali, na kuma ɗanɗana kuɗarta, shi ya sa na ga gara in jera abin daki-daki kamar yadda nake yi in zan raka wani saye.

Ka riƙe wannan tun daga farko: kwana biyar ko shida na mako motar a kan kwalta za ta yi su, tsakanin gida, makarantar yara, ofis da kasuwa. Kwana ɗaya ne na jeji. Mafi yawan masu nadama don wannan kwana ɗayan suka yi sayayya, suka manta da sauran.

Mataki na 1: Zauna da biro kafin ka je wurin dillali

Rubuta tafiyarka ta wata guda. A ce daga Arkilla kake fita, ka sauke yara, ka wuce aiki, ka dawo cin abincin rana, ka koma. Kilomita 30 a yini ba wuya. Kwana 22 na aiki sun ba ka kilomita 660. Ƙara zuwa gona ko ganin gida sau huɗu a wata, kowane zuwa da dawowa kilomita 140, wato 560. Jimla 1,220. Hilux mai injin fetur 2.7, da na'urar sanyi a kunne cikin gari, ka yi mata lissafin kusan kilomita 8 a lita. Lita 150 da 'yan kai ke nan a wata. Corolla a wannan tafiyar lita 100 za ta nema, ko ƙasa. Ka ninka da kuɗin litar yau a gidan man unguwarku, ka dubi albashinka ko ribar shagonka. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafin ne ke raba mai hawan mota da mai ajiye ta ƙarƙashin darbejiya yana hawan kabu-kabu.

Sai ka ɗauki tef ka auna garejinka da faɗin ƙofar gida. Akori-kura mai ƙofa huɗu tsawonta ya kai mita 5.3, Corolla kuwa kusan 4.6. In gidanku na cikin lungunan tsohon gari ne, wajen Kanwuri ko Ƙofar Marke, ka tambayi kanka inda za ta juya da inda za ta kwana.

Na ƙarshe, rubuta irin ƙasar da kake bi ran Asabar. Burji mai gargada daban, rairayin jigawa daban, baƙar lakar fadama a watan Agusta daban. Wanda iyakarsa burji zuwa ƙofar gidansu a ƙauye, doguwar mota mai jan tayoyin baya ta ishe shi, ya bar kuɗin fowil, wato tsarin jan tayoyi huɗu, a aljihu.

Gargaɗi: ka sa tsaro cikin lissafin. Hanyoyin gabashin jihar nan, wajen Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, da kuma yankin Tangaza da Gudu, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Farar Hilux mai baƙin gilashi daga nesa kama take da ta hukuma ko ta jami'an tsaro. Wannan kama ba alheri ba ce a ko'ina.

Mataki na 2: Tabbatar fowil ɗin na gaske ne

A nan na faɗi, don haka a nan zan daɗe.

Motata ta farko doguwa ce, ga manyan tayoyi, ga 4x4 an manna a gefen bodi da jan rubutu. Dillalin ya ce mini ko dutse za ta hau. Makonni uku da saye na shiga wata 'yar hanyar rairayi wajen Wurno, tayoyin baya suka fara haƙa, kafin in ankara aksul ya zauna a ƙasa. Samari takwas suka tura ba ta motsa ba. Wani dattijo, tsohon direban tifa, ya aje sandarsa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gaba, ya ɗago yana kakkaɓe gwiwa. "Yallaɓai, wa yas saishe ka wagga? Ai tayun baya ɗai ka aiki." Shanun huɗa biyu suka fid da ni, kusan magariba.

Abin da ya duba shi za ka duba. Kwanta a gaban motar ka haska tocila. Mai fowil tana da tukunyar aksul a gaba, tsakanin tayoyin, da sanda mai robar murfi a kowane gefe da ta shiga tsakiyar taya. Daga bayan giyabos kuma akwai ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi, farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin ga tayoyi, ɗaya ta yi baya, ɗaya ta yi gaba. In farfela ɗaya kawai ka gani, an gama magana, ko me aka rubuta a jiki. Tacoma da ake kira PreRunner haka take: tsayinta da fuskarta na mai fowil, amma baya kaɗai ke ja. Hilux ma akwai doguwa marar fowil. Ba laifin motar ba ne, haka kamfani ya yi ta. Laifin na mai manna takarda ne.

A ciki, nemi ƙaramin hannun giya na biyu ko maɓallin murɗawa mai rubutu uku. A Toyota H2, H4 da L4. Wasu kamfanoni sukan juya su 2H, 4H, 4L. H2 na kwalta ne. H4 na rairayi, burji mai santsi da laka marar zurfi. L4 ita ce giyar ƙarfi, tafiyar hawainiya, ta hawan gangare, fita daga kwazazzabo ko jan wata mota. Motar da ba ta da L4, ko an ce duk tayoyinta huɗu na ja, ba ta fadama ba ce.

Gargaɗi: irin wannan fowil ɗin ba a tafiya da shi a busasshiyar kwalta. Tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke wuri guda, a kwana kuwa dole na gaba su fi na baya zagaye. In ƙasa ba ta ba su damar zamewa ba, ƙarfen ciki ne ke shan wahalar. Mitsubishi L200 mai tsarin Super Select ce ke da matsayin da ya halatta a kwalta.

In ka samu mai makullin aksul na baya, wanda ke tilasta tayoyin baya biyu su juya tare ko ɗaya na reto a sama, ka samu ƙari mai amfani a laka. Tacoma TRD Off-Road na zuwa da shi, haka wasu Hilux da Ranger. Amma kada ka ƙi lafiyayyar mota don rashinsa. Taya mai kyau ta fi shi yawan ranar amfani.

Mataki na 3: Fetur ko gas

Injin gas, wato dizal, ya fi ƙarfin ja tun daga ƙasa, ya kuma fi tsimin mai. Wannan gaskiya ne. Abin da ba a faɗa maka shi ne injinan dizal na zamani, irin 1KD da 2KD na Hilux ɗin 2005 zuwa 2015 da 1GD da 2GD na bayansu, nozul da famfonsu ba sa yafe gurɓataccen mai. Jarka ɗaya ta 'yan bumburutu mai ruwa ko kananzir a ciki tana iya jawo maka gyaran da zai cinye tsimin shekara biyu. Waɗanda aka yi don Turai kuma suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke toshewa in tafiyarka gajeru ce cikin gari, daga Gawon Nama zuwa Runjin Sambo a dawo.

Injin fetur 2.7, wanda ake kira 2TR, ba ya burge kowa. Ba gudu, ga sha. Amma sarƙa ke riƙe taiminsa maimakon bel, yana jure man da bai cika kyau ba, kuma da wuya ka sami garejin kanikawa a garin nan da ba a taɓa kwance shi ba. Ga mai zuwa aiki kullum da fita jeji sau ɗaya a mako, ni shi nake zaɓa. Dizal na mai doguwar hanya ne, Sakkwato zuwa Kano ko Kwantagora da kaya, wanda ke da gidan mai guda da ya amince da shi. In tsohon dizal marar kwamfuta kake so, irin 5L, yana da juriya ƙwarai, sai dai ka yi haƙuri da nawarsa in za ka wuce tirelar siminti a hanyar Kalambaina.

Gargaɗi: 1KD, 2KD da 5L duk da bel suke aiki. In mai motar bai nuna maka shaidar ranar da aka canza shi ba, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗinsa daga ciniki. In ya tsinke kana tafiya, injin ne ya tafi.

Mataki na 4: Zaɓi iri, amma fara da shagon kayan gyara

Kafin ka kamu da son wata mota, je wurin masu sayar da kayan gyara ka tambayi abu biyar na irinta: takalmin birki, shokazoba, famfon ruwa, filet ɗin kuloci da gilashin gaba. In an miƙo maka huɗu nan take, motar ta garin nan ce. In an ce "bari a kira Kano" ko "sai an aiko daga Legas", ka san duk ranar da ta lalace mako guda za ka yi a ƙasa.

Da wannan ma'aunin Hilux ke gaba, shi ya sa take da tsada ko ta tsufa, shi ya sa kuma ɓarayi ke sonta. Tana ɗaukar kusan tan guda. Illarta ga mai hawa kullum ita ce sifirin bayanta mai jerin fallayen ƙarfe, an yi shi don kaya. In bodin ba komai, kowane tudun rage gudu sai ka ji shi a ƙugu, na kujerar baya kuwa sun fi ka ji.

Tacoma 'yar Amurka ta fi daɗin zama da laushin tafiya. Ta 2005 zuwa 2015 tana zuwa da 2.7 ɗin nan ko V6 mai 4.0, wanda ke da ƙarfi amma tanki ke biya. Ba ta ɗaukar nauyin Hilux. Mai niyyar loda buhun albasa goma ya nemi wata. L200 da D-Max motocin aiki ne na ƙwarai, sau da yawa sun fi sauƙin kuɗi, in ka tabbatar da bakaniken da ya san su. Ranger ta 2011 zuwa sama tana da daɗin tuƙi, tana kuma ratsa ruwan da ya kai santimita 80 bisa ƙa'idar kamfani, Hilux ta 2015 zuwa sama kuma 70, sai dai wayoyinta da kwamfutarta na son hannun gwani. Land Cruiser 79 sarauniyar jeji ce, amma wanda ya kai yara makaranta da ita wata guda zai gaya maka ba don haka aka yi ta ba. Sababbin na Sin da waɗanda ake haɗawa a gida Najeriya suna ba ka sabuwar mota da garanti a kuɗin tsohuwar Hilux. Tambayar ita ce ina wurin gyaransu mafi kusa, kuma nawa za a taya in ka tashi sayarwa.

Mai iyali ƙofa huɗu zai saya, wannan ba sai an tsaya ba. Batun giya kuma: otomatik ta fi sauƙi a cunkoso, a rairayi ma ba ta yanke ƙarfi lokacin canji. Ta hannu ta fi arahar gyara, kuma in batir ya mutu a gona ana tura ta ta tashi.

Wani abu da ba ya cikin takardar kamfani: ranar da ka sayi akori-kura ka zama motar unguwa. Kayan ɗakin amarya, ragon layya, kujerun walima, duk kai ne. Ka shirya amsarka tun yanzu.

Mataki na 5: Duba ta a tsaye

Tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi kuɗin yininsa don kada ya jira la'ada daga ɗaya ɓangaren. Ku riƙe tocila, tabarmar kwanciya, ƙaramin maganaɗisu, farin ƙyalle, sukundireba da na'urar karanta kwamfutar mota. Ku je da safe, ka kuma roƙa tun jiya kada a tayar da ita. Da isarka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, wani ya riga ka, kuma akwai dalili.

Fara daga ƙasa. Shasi, wato ƙashin bayan motar, shi kake saye. Sauran duk ana canzawa. Bi shi daga gaba har baya, kana ƙwanƙwasawa da sukundireba. Kana neman walda, lanƙwasa, da tsatsar da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa. Baƙin fenti sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. A kan Tacoma ka ninka kulawa: a jihohin Amurka masu ƙanƙara gishiri ake zubawa a titi, kuma matsalar ta kai Toyota ta amince a 2016 da biyan diyya kan tsatsar shasin Tacoma na 2005 zuwa 2010. Navara ta wannan zamanin ma an san ta da haka.

Sai shekarunta. Yanzu sana'a ce a ɗauki Hilux ta 2008 a sauya mata fitilu, bamba da gaba, ta koma kamar ta 2020. Fuska na ƙarya, lambar shasi ba ta yi. Lambar haruffa 17 ce. Ta jikin ƙarfe, ta jikin ƙofa da ta takarda su zama ɗaya, ba alamar goge ko sake bugawa. A motar Amurka harafi na goma ne shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, haka har F 2015. Hilux da lambarta ta fara da MR0 daga Tailan take, AHT kuma Afirka ta Kudu. Ƙyallen da ke gindin bel ɗin kujera yakan nuna shekarar da aka yi shi. In 'yar Amurka ce, rubuta lambar a Google. Motoci da yawa ta gwanjon masu haɗari suka fito, kuma hotunansu na ranar gwanjo suna nan.

Gargaɗi: duba ko an juya sitiyari daga dama zuwa hagu. Alamarsa walda da toshe ramuka a bangon da ke tsakanin inji da ɗaki, da dashbod da bai zauna daidai ba. Irin wannan ko kyauta ce ka yi tunani, ranka ne a kan waldar wani.

Bi bodi da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa an cike da foti. Sai dai cikin bodin kayan Tacoma daga 2005 roba ce mai tauri, kada ka zargi bawan Allah a banza. Ramukan ƙusa a bodin baya na nuna an taɓa kafa benci ko ƙarfe, wato ta yi aikin hukuma ko kamfani, direba goma sun hau ta ba mai tausayinta. Ɗaga kafet ka shinshina. Warin rima, yashi a lungu da tsatsa a ƙarfen kujera alamar ta sha ambaliya ce.

Yanzu murɗa makulli ba tare da tayarwa ba. Fitilun gargaɗi duka su kama, har da na inji da na jakar iska, su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi. Zaro sandar baƙin mai ka goga a farin ƙyalle: in ya yi kalar shayi da madara, ruwa na haɗuwa da mai. Tayar, ka koma baya ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi cin baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne, baƙi a dizal nozul ne ko iska. Bakanike ya duba ko "indomin" salansa, wato tukunyar tace hayaƙi, na nan, don ana yawan sace shi tun a tashar jirgin ruwa, ya kuma tabbatar ba a cire tamostat, mai daidaita zafin inji, ba.

Mataki na 6: Gwaji a rana, gwaji a rairayi

Nawa bakaniken kullum maganarsa ɗaya: "Maigida, kak ka yi gaugawa, bari rana ta take." Gaskiyarsa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, motar da ta yi lafiya da hantsi ba ta ce komai ba tukuna. Da azahar ka bar ta a tsaye minti 20, inji na aiki, na'urar sanyi a ƙure. Allurar zafi kada ta wuce tsakiya, sanyin kuma kada ya gudu.

Gargaɗi: ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan na fita da ƙarfin da zai saɓule fatar hannu.

Hau bayan gari inda titi ya miƙe, ka kai ta gudun kilomita 100. Sitiyari kada ya yi rawa, kada ta ja gefe in ka sassauta hannu ko ka taka birki. Kukan da ke ƙaruwa da gudu daga baya, aksul ne ko boris. Sannan ka sauka kwalta, wannan ne gwajin da dillalai ba sa so. A kan rairayi sa H4, fitilarsa ta tsaya cak. In tana ƙiftawa ba ta daina ba, bai shiga ba. Karya sitiyari gaba ɗaya ka zagaya a hankali: za ka ji motar na ɗan turjewa, alamar gaba na ja ke nan, amma ƙas-ƙas-ƙas daga tayar gaba sandar ce ta mutu. Tsaya cik, sa giya a furi, shiga L4. Ta ja da nauyi kamar tarakta, ta kuma fita ba da kokawa ba. Motocin da suka shekara a Abuja ba a taɓa sa musu fowil ba sukan ƙi shiga, don ɗan injin lantarkin da ke tura fowil ɗin ya daskare. Gyaruwa take, amma da kuɗin mai sayarwa.

Mataki na 7: Takardu, sannan kuɗi

Takardar kwastan ce uwa. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuwa ga Illela da Ƙonni a bakin ƙofa, don haka motar da ba a biya mata fito ba ba baƙuwa ba ce a nan. Kai kwafin takardar da lambar shasi ofishin kwastan a tantance kafin ka biya ko sisi. Araha mai yawa a Hilux dalili gare ta, kuma dalilin yakan bayyana ne a shingen hanyar Gusau ko ta Jega. In ta hannu ce, karɓi takardar mallaka, lasin mota da shaidar wanda sunansa ke jiki, ka kuma bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta. Wadda aka ce gwanjon gwamnati ce, a nuna takardar gwanjon.

Ku yanke la'adar dillali kafin ciniki, ba bayansa ba. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, ka biya ta banki zuwa asusun mai sunan. A Janairun 2023 aka mayar da inshorar dole naira 15,000 ga motar gida, 20,000 ga wadda aka rubuta ta ɗaukar kayan mai ita. Ka yanka a kamfanin inshora na gaske. Baƙin gilashi kuma sai da izinin 'yan sanda.

Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kuɗin saye. Ni nakan ce a ware kashi 15 cikin ɗari, don mataki na gaba ba ya jira.

Mataki na 8: Makon farko

Juye duk wani mai da ke cikinta: baƙin mai, wanda galan ɗaya mai lita 4 ba ya cika waɗannan injinan, man giya, man aksul gaba da baya, na akwatin fowil, da man birki. A sa girisi a farfela. A wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske; ruwan rijiya ko na burtsatse dauɗa yake bari a ciki har ya toshe. Sabuwar matatar iska, ka kuma sayi ta biyu ka ajiye, don ƙurar hunturu ba ta jiran lokacin sabis.

Sai taya, inda ya kamata kuɗin kwalliya ya tafi. Iri uku ne: HT ta kwalta, MT mai manyan haƙora ta laka, AT tsaka-tsaki. MT tana da kwarjini a ido, amma a titi kuka take kamar jirgi, tana ƙara shan mai, a rairayi kuma haƙa take. AT ce taka, a girman da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa, irin 265/65 R17. Rim mai inci 20 da siririyar taya na zuwa biki ne. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take ba taya daga wannan ranar. Tayar gwanjo mai hoton dutse da ƙanƙara, in ba AT ba ce, ta ƙasar sanyi ce, kwaltar Sakkwato cinye ta take. Safaya ma ta zama irin sauran, ka kuma gwada sauke ta a gida, don sarƙarta kan ci tsatsa.

Ɗaga mota sama, ƙaton ƙarfen gaba, fitilu a rufi: bar su tukuna. Yi wata uku da ita yadda take, abin da ta rasa zai nuna kansa.

Mataki na 9: Fitar farko

Zaɓi hanyar da ka sani, da rana, da mota ta biyu in da hali. Kira wani a ƙauyen ka ji labarin hanya a safiyar, ka gaya wa gida lokacin dawowarka, ka kuma kasance a kwalta kafin la'asar sakaliya. A bodi: shebur, igiyar ja mai faɗi, famfon iska mai aiki da batir, ma'aunin iska, kayan facin tubles saboda ƙayar bagaruwa da aduwa, katako mai faɗi na ɗora jak, da jarkar ruwan sha.

Sa H4 kafin ka shiga wurin, ba bayan ka kafe ba. A rairayi mai zurfi rage iskar taya zuwa PSI 18 ko 20 a ma'aunin iska, ka tafi da gudu ɗaya ba fizga, ba karya kwana da ƙarfi. Da ka ji tayoyi na juyawa mota ba ta gaba, ɗaga ƙafa. Kowane ƙarin totur rami yake haƙa maka. Sauka, share gaban tayoyi, shimfiɗa kara ko tabarmar ƙafa, gwada baya a L4.

Gargaɗi: kada a ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela ko a bamba. In ya ɓalle harsashi ne. Akwai ƙugiyar da aka ɗaure a shasi don wannan, kuma kowa ya matsa nesa, musamman yara, waɗanda ba a rasa su a irin wurin nan.

Ruwa kuwa, in ba ka ga wani ya ratsa a gabanka ba, naɗe wando ka shiga da sanda. Lambar kamfani ta sabuwar mota ce a ruwa mai kwance. Ga tsohuwa, in ya wuce tsakiyar taya ka nemi zagaye. Mai gudu bayan ruwan sama, irin na mashigin da ke gangarawa gulbin Rima, ko bai kai gwiwa ba a jira shi ya wuce. Bayan ka fita, taka birki a hankali sau da yawa ya bushe. A gona kada ka tsaya a kan busasshiyar ciyawa ko karan gero, zafin salansa na tayar da gobara. Mutane a bodin baya kuma, na san al'ada ce, amma ba bel ba rufi, rami ɗaya ya isa.

Da ka hango kwalta tsaya, koma H2, mayar da iskar taya yadda take a jikin ƙofa. Taya mai ƙarancin iska a titi mai zafi ita ce ke fashewa. In fowil ya ƙi sakin, ja baya mita kaɗan a miƙe. A gida a wanke ƙarƙashi tun lakar ba ta bushe ba, a zare ciyawar da ta naɗe farfela, a kakkaɓe matatar iska. In ka ratsa ruwa mai zurfi, ran Litinin kafin ofis ka biya gareji a kwance ƙusar aksul a ga launin man.